Yadda ake zana kwandalar tunawa, daga takarda zuwa ƙarfe

Filin aikin mai zanen kwandala bai fi faɗin yatsu biyu ba. Ba shi da launi, ba shi da inuwar fensir. Abin da ya mallaka kawai shi ne tudu da kwari a jikin ƙarfe, sai hasken da zai sauka a kansu. Na daɗe ina wannan aiki, kuma kusan duk kuskuren da na gani a wurin sabon shiga daga wuri ɗaya yake fitowa: ya zana hoto mai kyau a babbar takarda, ya manta cewa a tafin hannu za a kalle shi. Abin da zan nuna maka shi ne yadda za ka yi zane babba, amma ka riƙa yanke masa hukunci a ƙarami.

Sai mu daidaita sunaye tukuna. Kwandala tana da fuska, inda aka fi sa kan shugaba ko tambarin ƙasa, tana da baya, inda zanen tunawa ya fi zama. Shafaffen wurin da babu komai shi ne fili. Ɗan tudun da ya kewaye baki, ni ganuwa nake ce masa, domin shi ke tsare zane daga gogewa, shi kuma ke sa kwandaloli su jeru a kan juna. Sai gefe, wato kaurin kwandalar, wanda ake bari sumul, ko a yi masa tsaga-tsaga, ko a yi rubutu a kai.

Kayan aiki

Domin zane: fensir mai tauri da mai laushi, abin gogewa, kamfas na zana da'ira, rula, ma'aunin kusurwa, takardar zane, takarda mai shara-shara ta kwafi, da gilashin ƙara girma. Ka samu hanyar rage girman hoto, ko injin kwafi ko kwamfuta da firinta.

Domin sassaƙa: yumɓun mai wanda ba ya bushewa, faifan gilashi ko katako mai santsi, 'yan ƙarafan sassaƙa, farar filasta irin wadda ake ɗaurin karaya da ita, kwanon roba na kwaɓi, buroshi mai laushi, ruwan sabulu ko man basilin, da doguwar leda mai kauri da za ka yi wa aikin katanga. Sai fitilar tebur wadda ake iya sunkuyar da wuyanta. Wannan fitila ta fi duk sauran kayan muhimmanci. In babu, tocila a ɗaki mai duhu ta wadatar. In ƙarafan sassaƙa sun yi wuyar samu, ƙusa da aka daddake bakinta, da waya da aka lanƙwasa, da tsohon kayan likitan haƙori duk suna aiki.

Ka kuma tara kwandaloli na ƙasashe daban-daban, sababbi da waɗanda suka sha hannu. Tsohuwar da ta goge ita ce za ta nuna maka inda zane ke fara mutuwa.

1. Karɓi ƙa'idojin aikin a rubuce

Kada ka ɗora fensir a takarda sai ka san faɗin kwandalar da kaurinta, ƙarfen da za a yi ta da shi, siffarta, rubutun da doka ta wajabta, da iyakar tsayin tudun da gidan buga kuɗi zai amince da shi. Ka tambaya ko ta kashewa ce a kasuwa ko ta masu tarawa. Ta kashewa bugu ɗaya ake mata, cikin sauri, miliyoyi a jere, don haka tudunta bai kai rabin milimita ba. Ta masu tarawa, wadda galibi azurfa ce ko zinariya, ana goge hatiminta, wato ƙarfen da ke buga mata zanen, har ya yi ƙyalli, a buga ta sau biyu ko fiye, saboda haka tana ɗaukar zurfi da ƙananan bayanai.

Ƙa'ida tana cin fili fiye da yadda kake zato. Kwandalar yuro biyu faɗinta milimita 25.75 ne, amma zoben waje na taurari 12 ne, mai zane tsakiya kawai aka bar masa. A nan Girka ta sa mai jifan faifai a 2004, domin wasannin Olamfik na Atina, kuma ita ce yuro biyu ta tunawa ta farko. Peni 50 ta Birtaniya, wato rabin fam, kuwa ba da'ira ba ce, gefe bakwai gare ta.

Ka nemi ganin ɗaya ɓangaren ko da ba kai za ka zana shi ba. A 2008, da Birtaniya ta sauya zanen kwandalolinta, shekara ta tashi daga baya ta koma fuska. Aka haɗa tsohuwar fuska da sabon baya a wasu kwandalolin peni 20, suka fito babu shekara ko'ina.

Gargaɗi ɗaya: gwamnati ko babban banki ne kaɗai ke ba da izinin kuɗi. In aikin na makaranta ne, ko ƙungiya, ko na koyo, to lambar tunawa kake yi, ba kuɗi ba. Kada ka sa mata darajar kuɗi, kada ka kwaikwayi kuɗin wata ƙasa.

2. Yi bincike har ka ƙoshi

Kwandalar tunawa shaida ce, kuma ƙarfe ba ya karɓar gyara. In mutum ake tunawa, tara hotunansa ta gaba da ta gefe, na shekarun da ake so a nuna. In gini ne, ƙirga tagoginsa. In tsuntsu ne ko tsiro, kai wa masani ya duba. A 2021 an fitar da fam biyu a Birtaniya domin tunawa da marubuci H. G. Wells, sai masu karatunsa suka yi ca a kai, domin injin yaƙin da ya siffanta da ƙafa uku ya fito da huɗu. Waɗanda suka fi son abin da ake tunawa su ne za su fara saye, su ne kuma za su fara ganin kuskure.

Hoton da ka samu a intanet yana da mai shi. Ka nemi izini a rubuce, ko ka haɗa hotuna da yawa ka fitar da naka zanen.

3. Zaɓi abu ɗaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na fi daɗewa. Masu ba da aiki kan zo da jerin buƙatu: a sa wanda ya kafa wurin, a sa ginin, a sa tuta, taswira, kurciya, da shekaru biyu. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida. Ka rubuta a jimla ɗaya abin da kwandalar za ta faɗa, sannan ka nemi siffa ɗaya da za ta ɗauki jimlar. Sauran ko su koma ƙanana su yi mata hidima, ko su fita.

Dubi peni 50 ta 2009 da Christopher Le Brun ya zana domin cikar lambun Kew na Landan shekara 250. Lambu ne mai dubban tsirrai, amma hasumiya ɗaya ya ɗauka, ya naɗe ta da reshe mai ganye. Dubi kuma mahayin doki da dodo da Benedetto Pistrucci ya yi wa kwandalar zinariyar Ingila a 1817. Har yau ana buga shi, kuma a ganina dalilin shi ne yadda doki da mahayi da dodo suka dunƙule suka cika da'ira kamar don ita aka halicce su.

Ga gwajin da nake yi: in cika siffar da baƙin tawada gaba ɗaya, in bar inuwarta kawai. In har ana gane ta a haka, za ta rayu a ƙarfe. In ba a gane ta sai da layukan ciki, sai in sake tunani.

4. Ƙananan zane, sannan babba

Zana da'ira 20 ko 30 masu girman kwandalar, ka cika su da sauri, ba gogewa. Goman farko yawanci abin da kowa zai kawo ne. Zaɓi uku, ka ɗaukaka su zuwa ninki shida ko takwas. Kwandala mai milimita 28 a ninki takwas ta zama 224.

A babban zanen fara da da'ira uku: bakin waje, cikin ganuwa, da zoben rubutu. Ka tuna da'ira ba ta da kusurwa. Dogon gini a kwance zai bar maka wofi sama da ƙasa, shi kuma ya tsuke. Gara ka ɗauki ƙofarsa ko hasumiyarsa. Inuwar da za ka yi da fensir ta nuna tsayi kawai: nan tudu, nan gangare, nan fili. Baƙar riga da farar riga ɗaya suke a ƙarfe, sai dai ka bambanta su da saƙa, wannan sumul, wancan mai kaushi.

Kada ka ji tsoron fili. Shi ne ke ƙyalli, shi ne ke tura siffa gaba.

5. Rubutu

Sabon shiga kan bar rubutu sai ƙarshe, ya cusa shi inda ya rage. Tare ake tsara su da siffa. Haruffan da ke bin da'ira kowanne ya tsaya a kan layin da ya taso daga tsakiya. Na sama ƙafafunsu na kallon ciki, don haka gindinsu ke matsuwa. Na ƙasa kawunansu ke matsuwa, sai ka ƙara musu tazara. Da ido ake daidaita tazara, ba da rula ba. Guji haruffa masu siraran layuka, domin siririn layi a hatimi wuri ne da datti ke toshewa, harafin ya fito a gutsure. A nawa aikin ba na son harafin da bai kai milimita ɗaya ba a girman gaskiya, amma ka tambayi gidan bugu iyakarsu.

Ka sa mutum biyu da ba su san aikin ba su karanta rubutun harafi-harafi. Na taɓa kai wani zanen lamba har matakin filasta da shekarar da masu aikin suka ba ni, ashe takardunsu biyu sun saɓa. Wata dattijuwa a cikinsu ce ta lura. Tun daga ranar nake neman asalin takarda a kan kowace shekara da kowane suna.

6. Gwada a girman gaskiya

Rage zanen zuwa ainihin faɗin kwandalar, buga shi baƙi da fari, yanke shi, manna a kan wata kwandala, ka riƙe a nisan hannu. Gani ya kori ji. Abin da ya cuɗe a cire shi ko a ƙara masa girma. Miƙa wa wanda bai san labarin ba, ka tambaye shi me ya gani, kada ka yi masa bayani. Za ka maimaita wannan bayan kowane gyara har ƙarshen aiki.

Ko manya sukan makara a nan. A cikin peni 50 iri 29 da aka yi wa wasannin Olamfik na Landan na 2012, ta ninƙaya ta fara fitowa da layukan ruwa a kan fuskar mai iyo, sai daga baya aka share su domin fuskar ta fito.

7. Sassaƙa a yumɓu

Kwafi zanen a kan faifai. Gidajen bugu da yawa suna ba da faifai mai ɗan kwarmi kamar faranti, domin filin kwandala ba shimfiɗe yake sarai ba. In sun ba ka, yi amfani da shi. Lissafa tsayinka: in an yarda maka da milimita 0.2 a kwandala, kuma kana aiki a ninki takwas, iyakarka a yumɓu milimita 1.6 ce. A cikin wannan ɗan kauri za ka nuna hanci, kunci, kunne da wuya. Yanke katako biyu masu wannan kaurin, ajiye su dama da hagu, ka riƙa gitta rula a kansu. Duk abin da rula ta taɓa ya wuce iyaka.

Kashe hasken ɗaki, sunkuyar da fitila ta haska daga gefe, kusan a kwance. Ka riƙa juya faifan, domin mai riƙe da kwandala ba daga wuri ɗaya haske zai zo masa ba. Ɗora yumɓu kaɗan-kaɗan, fara da manyan sassa. Sirrin shi ne jerin hawa: abin da ke kusa ya fi tashi, na nesa ya kusa narkewa cikin fili. Baki mai kaifi yana ba da inuwa, inuwa kuma ita ke sa ido ya ga zurfin da babu shi.

Abu uku ne ba a yafewa. Na farko, kogo: duk wurin da yumɓu ya yi rumfa a kan wani, hatimi ba zai saki ƙarfe ba. Kowace katanga ta ɗan kwanta, ta yi gangare. Na biyu, tudun da ya fi ganuwa tsayi, domin shi zai fara gogewa, kuma kwandalolin ba za su jeru ba. Na uku, tudu a bayan tudu. Lokacin bugu ƙarfe gudana yake yi ya cika kwarin hatimai biyu a lokaci guda. In kuncin shugaba a fuska ya yi daidai da mafi tsayin zanenka a baya, ƙarfen ba zai ishe su ba, dukansu su fito a dushe. Ɗora takardun kwafi na ɓangarorin biyu baya da baya ka ɗaga su a haske. Ka tambaya yadda ake jera su, domin kwandalar Amurka in ka juya ta dama zuwa hagu bayanta a kife yake, ta Birtaniya da yuro kuwa a tsaye.

Labarin da kowane mai wannan sana'a ya sani shi ne na dala 20 ta zinariya ta 1907. Shugaba Theodore Roosevelt ya nemi mai sassaƙa Augustus Saint-Gaudens ya yi wa Amurka kuɗi mai kyan na Girkawan da. Samfurin farko ya yi kyau matuƙa, amma tudunsa ya yi yawa har sai an buga kowace ɗaya kusan sau tara. Saint-Gaudens ya rasu a watan Agusta na shekarar, kuma Charles Barber, babban mai sassaƙa na gidan bugun, shi ya rage tudun kafin a iya buga ta da yawa. In ba ka rage da hannunka ba, wani zai rage maka, kuma ba lallai ya san abin da ka fi so a bari ba.

8. Zuba filasta

Kewaye faifan da katangar leda, toshe ƙasanta da yumɓu. Zuba ruwa a kwano, sannan ka barbaɗa filasta a kai har ta fara tsayawa a saman ruwan. Kada ka zuba ruwa a kan gari. Bar ta ta jiƙa, dama a hankali don kada iska ta shiga. Shafa kashin farko da buroshi ya shiga kowane lungu, zuba sauran, ka ɗan bubbuga tebur kumfa ya taso. Tana ɗaukar zafi in tana kamawa, don haka kada ka bar hannunka a ciki, kuma kada ka zuba ragowar a magudanar ruwa. Bayan kamar rabin awa, in ta huce, ɗaga ta.

Abin da ka samu kishiya ne: tudu ya zama kwari, dama ta zama hagu. A nan ake yanka haruffa da siraran layuka kamar gashi, domin tona rami mai tsabta ya fi gina tudu sauƙi. A juye za ka yanka su, ka riƙa dubawa da madubi, ko ka danna ɗan yumɓu ka ga yadda za su fito. Sannan shafa ruwan sabulu, zuba sabuwar filasta, ka samu na daidai. In ka manta sabulun, biyun za su haɗe, aikin makonni ya tafi. Kana iya kai da komo tsakanin kishiya da na daidai sau biyu ko uku har ya yi.

9. In da kwamfuta za ka yi

Yawancin gidajen bugu yanzu fayil suke karɓa. Wasu masu zane suna sassaƙa kai tsaye a manhaja irin ZBrush, wasu kuma su gama filasta a ɗauki siffarta da na'urar sikan. Duk ƙa'idojin mataki na 7 suna nan. Haɗarin kwamfuta shi ne tana barinka ka kusanto da hoto ba iyaka, ka ɓata kwana uku a kan gashin ido da ba wanda zai gani. Ina ba da shawarar ka yi ko da guda uku da yumɓu kafin ka koma allo, domin yatsa ne ke koyon bambancin rabin milimita.

10. Gaban kwamiti

Ba mutum ɗaya ke amincewa da kuɗin ƙasa ba. A Birtaniya akwai kwamitin ba da shawara da aka kafa a 1922, kuma sai sarki ya amince. A Amurka kwamitoci biyu ke dubawa kafin sakataren baitulmali ya zaɓa. Kai musu babban zane da na girman gaskiya a shafi ɗaya, da bayani gajere. In sun ce a ƙara abu, kada ka yi gardama da baki. Yi musu yadda suka ce, rage shi zuwa girman kwandala, ka ajiye kusa da naka. Sau da yawa su da kansu ke janyewa. In gyaran na gaskiyar tarihi ne, karɓa nan take.

A nan ne kuma ake maganar sa hannu. Haruffan sunanka su zama ƙanana, a wurin da aka amince. Victor David Brenner ya sa haruffa uku a bayan kwandalar Amurka ta 1909 mai kan Shugaba Lincoln, aka yi ƙorafin sun fito da yawa, cikin 'yan kwanaki aka cire su. Sai a 1918 suka dawo, ƙanana a gindin kafaɗa.

11. Hatimi da bugun gwaji

Daga nan aikin ya koma hannun gidan bugu, amma kada ka saki. A da, injin ragewa irin na Victor Janvier na Faransa ke bin babban samfurin da allura, wata allurar tana yanka ƙaraminsa a ƙarfe, kwana da kwanaki. Yanzu injin da kwamfuta ke sarrafawa ke yi. Ana samun uwar hatimi, a ƙarfafa ta da wuta, a danna ta a wani ƙarfen, daga nan a haifi hatiman da za su yi bugu.

Nemi a nuna maka bugun gwaji. Duba shi da ido tsirara tukuna, a hasken rana da na fitila, sannan da gilashi. Dubi wurare mafi tsayi ko sun cika, haruffan kusa da ganuwa ko sun ja jela, fili ko inuwar ɗaya ɓangaren ta bayyana a cikinsa. In ta masu tarawa ce, ka ba su taswirar inda za a bar ƙyalli da inda za a dusashe, wuri-wuri, domin ita ce kusan launin da kake da shi. Rubuta gyare-gyarenka a kan hoton gwajin da lamba, ka riƙe kwafi, kuma kada ka sa hannu a takardar amincewa sai ka riƙe gwaji na biyu a tafinka ka ga an yi su.